Magungunan Hana Tsatsa a Ruwan Sanyaya Injuna: Yadda Suke Aiki da Inda Bai Kamata a Zuba Su Ba

Gabatarwa

Duk injin da ke ƙona mai ko gawayi yana yin zafi, kuma idan ba a kwashe zafin nan ba, injin zai mutu. Abin da aka fi kwashe shi da shi shi ne ruwa, domin yana da araha kuma yana ɗaukar zafi mai yawa. Sai dai ruwan da ke sanyaya ƙarfe shi ne kuma yake cin sa. Saboda haka ne masana'antu suke zuba wasu magunguna a ruwan sanyaya injunansu domin su hana tsatsa.

Wataƙila ka ce wannan magana ta manyan masana'antu ce, irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Zinder a 2011, ko tashar lantarki ta SONICHAR da ke aiki da gawayi a Anu Araren, ko tashar Goru Banda ta kusa da Yamai da aka buɗe a 2017. Gaskiya ne can aka fi bukatarsu. Amma idan ka duba a Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa, za ka ga injin niƙa da duron ruwa a gefensa, da janareton asibiti, da tarakta, da manyan motocin da ke bin hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Kowannensu da ruwa yake sanyi, kuma cutar da ke kama bututun matata ita ce take kama lagireton mota. An shirya wannan bayani domin masu injuna, da makanikai, da kwamitocin ruwa, da malaman yaƙi da jahilci masu karanta wa jama'a.

Mece ce tsatsa?

Ba a samun ƙarfe a cikin ƙasa yadda muke ganin sa a kasuwa. Tama ake haƙowa, a narka ta da wuta mai ƙarfi, a raba ta da iskar oksijan da ke haɗe da ita, sannan ta zama ƙarfe. Tun daga ranar nan ƙarfe yake neman ya koma asalinsa. Tsatsa ita ce wannan komawa: ƙarfe ya sake haɗuwa da oksijan, ya zama jan gari marar ƙarfi.

Idan ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, fuskar ƙarfen takan zama kamar an jera mata ƙananan batura da ido ba ya gani. A wani gurbi ƙarfen yana narkewa yana shiga ruwa. Wannan shi ne gurbin ci. A wani gurbin kuma oksijan da ke cikin ruwa yana karɓar lantarkin da gurbin farko ya saki; wannan shi ne gurbin karɓa. Ruwa ne ke haɗa su. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk aikin magungunan a kansa ya dogara: idan aka toshe ɗaya daga cikin guraben biyu, cin yakan ragu ƙwarai.

Abubuwan da ke sa tsatsa ta yi sauri su ne:

- Iska a cikin ruwa. Duk sabon ruwan da ka ƙara yana zuwa da sabon oksijan.
- Tsamin ruwa. Ana auna shi da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza haka yana da tsami, abin da ya wuce haka ya karkata wajen kanwa. Ruwa mai tsami ya fi cin ƙarfe.
- Gishiri. Ruwa mai zartsi ya fi ɗaukar lantarki, kuma gishiri yana huda rigar da ke kare ƙarfe.
- Zafi, wanda ke hanzarta aikin.
- Laka da datti, domin a ƙarƙashinsu ake samun ramuka.
- Haɗa ƙarfe iri biyu, kamar jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ko alminiyam. A irin wannan haɗi, ɗaya yakan zama abincin ɗayan.

Asarar ba ƙarama ba ce. A 2016, ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa tsatsa tana ci wa duniya kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kusan kashi 3.4 cikin 100 na duk arzikin da ake samarwa.

Hanyoyi uku na sanyaya injuna

Kafin a zaɓi magani, sai an san irin tafiyar da ruwan yake yi.

Hanya ta farko ita ce ruwa ya shiga ya fita sau ɗaya. Ana jawo shi daga kogi ko teku, ya ratsa injin, a mayar da shi. Ruwan yana da yawa ƙwarai, saboda haka ba a iya zuba masa magani mai yawa.

Hanya ta biyu ita ce buɗaɗɗen zagaye, mai hasumiyar sanyaya ruwa. Ana watsa ruwan zafi daga saman hasumiya, iska ta ratsa shi, kaɗan daga ciki ya tashi tururi, sauran ya yi sanyi ya koma wa injin. Haka randa take sanyaya ruwa: abin da ya tsattsafo ta jikinta ya bushe, ya tafi da zafi. Ka kuma lura da farin tabon da ke fitowa a jikin tsohuwar randa. Ruwa yana tashi, amma gishirin cikinsa ba ya tashi. Idan ruwa yana da miligiram 200 na gishiri a kowace lita, aka bari kashi uku cikin huɗu ya tashi, abin da ya rage zai zama yana da miligiram 800. Saboda haka ake zubar da wani kaso na ruwan hasumiya a kai a kai, a ƙara sabo. Wannan hanya ce ta fi wahalar kulawa, domin ruwanta kullum cike yake da iska, da ƙura, da zafi.

Hanya ta uku ita ce rufaffen zagaye, irin na lagireton mota da na janareto. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, ba ya haɗuwa da iskar waje sosai, kuma ba ya raguwa sai in akwai yoyo. A nan ana iya zuba magani mai ƙarfi sau ɗaya ya daɗe yana aiki.

Yadda magungunan suke aiki

Maganin hana tsatsa ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ciwu. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa wata riga siririya, wadda ido ba ya gani, tsakanin ƙarfe da ruwa. Ka kwatanta shi da makubar da ake shafa wa katangar ƙasa kafin damina: ba ita ce katangar ba, amma ita ce ke hana ruwa cin ta, kuma dole a riƙa sabunta ta. Rigar maganin ma kullum tana gogewa, kullum maganin da ke cikin ruwa yana gyara ta. Idan maganin ya ƙare, rigar ta tafi.

An kasa magungunan kashi uku.

*1. Masu toshe gurbin ci.* A cikinsu akwai kuromat, da nitirit, da molibdat, da wani nau'in fosfat. Suna taimaka wa ƙarfe ya yi wa kansa riga mai tauri. Nitirit ne aka fi amfani da shi a rufaffen zagaye, inda akan zuba daga miligiram 500 zuwa sama da 1,000 a kowace lita. Ba ya daɗewa a buɗaɗɗiyar hasumiya, domin wasu ƙwayoyin halitta suna cinye shi. Molibdat ba shi da guba sosai, amma yana da tsada.

Waɗannan magunguna suna da wani haɗari da ya kamata kowa ya sani. Idan aka zuba su ƙasa da ƙima, sukan rufe yawancin fuskar ƙarfe su bar ƴan gurabe a buɗe. Duk cin da ya kamata ya bazu ko'ina sai ya taru a waɗannan gurabe, ya huda bututu da sauri. Misalinsa gonar da aka kewaye da shinge aka bar kafa ɗaya: duk awakin gari ta nan za su shiga. Bututun da tsatsa ke ci bai ɗaya zai iya shekaru yana aiki, amma wanda ta tasa wa gurbi ɗaya zai iya hujewa cikin watanni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

*2. Masu toshe gurbin karɓa.* A cikinsu akwai gishirin tutiya, da folifosfat, da fosfonat. Suna kwanciya a inda oksijan yake karɓar lantarki, su tare masa hanya. Ba su kai na farko ƙarfi ba, amma idan sun yi kaɗan ba sa jawo huji. A hasumiyoyi akan haɗa kashi na farko da na biyu, kowanne ƴan miligiram a lita, domin haɗin ya fi kowane ɗaya shi kaɗai aiki. Fosfonat yana da ƙarin amfani, domin yana hana ɓawo kamawa.

*3. Masu kare jan ƙarfe.* Ana kiran su azol, kuma waɗanda aka fi sani su ne benzotiriyazol da toliltiriyazol. Suna manne wa jan ƙarfe da tagulla. Amfaninsu biyu ne: suna kare jan ƙarfen kansa, suna kuma hana narkakkensa ya je ya sauka a kan baƙin ƙarfe ko alminiyam ya haƙa musu ramuka.

Domin ka gane ƙanƙantar ma'aunin: miligiram 1 a lita daidai yake da giram 1 a cikin lita 1,000, wato duro biyar masu cin lita 200. Wannan ba aikin ƙiyasi da ido ba ne. Aikin awo ne.

Abokan tafiyar tsatsa

Maganin tsatsa shi kaɗai ba ya isa, domin tana da abokai biyu. Na farko shi ne ɓawo, irin farin abin da ke kama gindin butar shayi. Yana fitowa daga farar ƙasar da ke narke a ruwa, ya toshe bututu, ya hana zafi fita. Abin mamaki shi ne ruwan da ba ya yin ɓawo sau da yawa shi ne ya fi cin ƙarfe, wanda ke yin ɓawo kuma ya fi sauƙin ci. Mai kula da ruwa kullum yana neman tsakiyar waɗannan biyu.

Na biyu shi ne gansakuka da ƙwayoyin halitta. Suna yin yauƙi a jikin bututu, maganin tsatsa ya kasa kai wa ga ƙarfe, su kuma su ci gaba da ci ta ƙarƙashi. Wasunsu suna cutar da mutane. Cutar huhun nan da ake kira lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewarta a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, tana yaɗuwa ta feshin ruwan hasumiyoyin da ba a kula da su. Shi ya sa ake zuba kulor ko makamancinsa.

A masana'anta mai tsari, ana auna ruwa kullum. Ana kuma rataya ƴan sillayen ƙarfe da aka san nauyinsu a cikin ruwan, a ciro su bayan kwana 30 zuwa 90, a sake auna su. Idan baƙin ƙarfe yana raguwa da ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara, kuma babu ramuka, ana ɗauka maganin yana aiki.

Darussa biyu daga Amurka

Kuromat shi ne maganin da ya fi kowanne kare ƙarfe, kuma shekaru da dama shi masana'antu suka fi dogara da shi. Amma guba ne, yana jawo ciwon daji. A ƙauyen Hinkili na jihar Kalifoniya, kamfanin PG&E ya yi amfani da shi a hasumiyoyin wata tashar tura iskar gas daga 1952 zuwa 1966, yana zubar da ruwan a tafkunan da ba a daɓe ba. Gubar ta nitse ta shiga ruwan ƙasa da mutane ke sha. A 1996 kamfanin ya amince ya biya diyyar dala miliyan 333. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana zuba kuromat a hasumiyoyin sanyaya gine-gine a 1990, sannan a na masana'antu a 1994.

Darasi na biyu kishiyar na farko ne. A watan Afirilu na 2014, birnin Filint na jihar Mishigan ya koma ɗibar ruwan sha daga kogi, ba tare da an zuba ɗan fosfat ɗin da ke kare tsofaffin bututu ba. A watan Oktoba na wannan shekara, masana'antar injunan mota ta General Motors ta sanar da cewa za ta daina amfani da ruwan, domin yana sa wa kayanta tsatsa. Jama'a kuwa suka ci gaba da sha, alhali ruwan yana narkar da dalmar bututu, har aka same ta a jinin yara.

A wuri ɗaya maganin da aka zubar ba bisa ƙa'ida ba ne ya cuci mutane. A ɗayan kuma rashin maganin da ya dace ne. Duka biyun suna nuna cewa wannan aiki na masu ilmi da awo ne.

Abin da ya shafe ka a Arewa

*Idan kana da mota, tarakta ko janareto:*

- Ka yi amfani da ruwan lagireto na kanti, mai launi. Akwai masu cewa maganin ƙanƙara ne na ƙasashen sanyi, mu ba ruwanmu da shi. Ba haka ba ne: a cikinsa ake sa magungunan hana tsatsa, kuma yana sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa.
- Idan irin wanda ake sirkawa ne, ka bi awon da aka rubuta a jikin galan, ka sirka da ruwan batir marar asid ko tataccen ruwan sama. Kada ka sirka da ruwa mai zartsi ko mai laka.
- Kada ka haɗa iri biyu. Launi ba ya nuna abin da ke ciki; ka karanta rubutun, ko ka sa a karanta maka.
- Maganin yana ƙarewa ko da launi bai canja ba. Irin na da akan canja shi bayan kimanin shekara 2, sabon iri yakan kai shekara 5. Ka bi littafin injinka.
- Ka gyara yoyo da wuri. Wanda ke ƙara ruwan rijiya kowace safiya yana tsinka maganin, yana kuma ƙara iska da gishiri.
- Kada ka zuba omo, ko sabulu, ko kanwa. Kanwa tana cin alminiyam.
- Kada ka buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

*Idan kana da injin niƙa mai duro:* duron a buɗe yake, yara suna wasa kusa da shi, wasu suna ɗibar ruwan ɗuminsa, awaki suna lasar abin da ya zuba, ga kuma garin abinci a gefe. Saboda haka kada ka zuba masa ruwan lagireto ko wani magani. Ka sa ruwa mai tsabta marar zartsi, ka tabbata kullum ya rufe bakin bututun sama, ka yi wa duron murfi don ƙura da gari, ka kuma wanke lakar gindinsa lokaci lokaci.

Wataƙila ka ji cewa jami'o'i suna gwada ruwan bagaruwa, da ganyen dalbejiya, da wasu tsirrai a matsayin maganin tsatsa. Gaskiya ne ana wannan bincike, kuma sinadarin da majema ke samu a bagaruwa yana kama ƙarfe. Amma yawancin gwajin a ɗakin bincike aka yi shi. Idan ka zuba jiƙo a lagireto, ruɓewa zai yi ya toshe shi.

Famfon ruwan sha: nan ba a zuba magani

A wurare da dama na kudu maso yammacin Nijar, ruwan ƙasa ba shi da gishiri da yawa amma yana da ɗan tsami. A wasu sassan dallol kuma, kamar wajen Foga inda ake dafa gishiri, zartsi ne matsalar. Kowanne daga cikinsu yana cin bututun ƙarfe. Binciken da Otto Langenegger ya yi a Afirka ta Yamma a shekarun 1980 ya nuna cewa idan pH ya gaza 6.5, bututu mai rufin tutiya, irin wanda aka saba sa wa famfon India Mark II, ba ya daɗewa. A 2016 gwamnatin Yuganda ta dakatar da sa irin wannan bututu a famfunan hannu.

Alamomin da kwamitin ruwa zai lura da su su ne: ruwan farko na safe ya fito ja sannan ya washe, ɗanɗanon ƙarfe, farin tufa yana yin tabo, shayi yana baƙi, bututu yana yoyo ko sanda tana karyewa. Da zarar ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita, mutane sukan fara ƙyamar ruwan. Babban haɗarin shi ne su bar famfo mai tsabta su koma tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya, inda zawo yake jiran ƴaƴansu.

Maganin wannan shi ne a canja kayan, ba a zuba wa rijiya sinadari ba. A auna pH tun ranar da aka haƙa rijiyar, a rubuta a littafin kwamiti. Idan ruwan yana da tsami, a sa bututun roba mai ƙarfi ko na ƙarfe marar tsatsa, ko a zaɓi famfo irin na Vergnet da ake takawa da ƙafa, wanda tiyonsa na roba ne. Kada a haɗa ƙarfe marar tsatsa da mai rufin tutiya a rijiya ɗaya. Ɗan fosfat ɗin da wasu kamfanonin ruwa na birane suke zubawa na musamman ne, da injin awo ake zuba shi. Ba shi ne na masana'anta ba.

Gargaɗi

- Ruwan lagireto yana da zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa yana iya kashe yaro ko dabba, domin yana lalata ƙoda. Kada ka ajiye shi a kwalbar lemo.
- Nitirit farin gari ne mai kama da gishiri. Wanda ya ci shi, jininsa yakan kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi.
- Duro ko jarkar da aka taɓa zuba waɗannan magunguna ba ta zama ta ruwan sha, ko an wanke ta. Ka tambayi asalin duron da za ka saya a kasuwa.
- Kada ka zubar da tsohon ruwan lagireto kusa da rijiya, ko fadama, ko mashayar dabbobi. A cikin dallol ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, kuma yashi ba ya tare guba. Ka tara shi a rufaffiyar jarka mai alama, ka nemi shawarar ma'aikatan muhalli.
- Idan wani ya sha, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, ko da bai nuna wata alama ba. Kada a jira, kuma kada a sa shi amai.

Tambayoyi uku kafin ka zuba komai

Na farko, wane irin ruwa ne gare ni: mai tsami, mai zartsi, ko mai yin ɓawo? Na biyu, waɗanne ƙarafa ne ruwan yake taɓawa? Na uku, ina ruwan zai tafi bayan ya gama aikinsa, kuma wa zai iya shan sa? Idan ba ka da amsar ɗaya daga cikinsu, ka dakata, ka tambayi ƙwararren makaniki ko ma'aikatar ruwa ta Dogon Dutsi ko ta Tibiri.